Jirginki Ya Fi Bakin Gadata

Talata. Na zuba wa sarƙar gada mai.

Aukje, sanyin idona, hasken da ke riga rana sauka a kan ruwa, iskar da ke kwantar da ciyawar gaɓa ba ta karya ta,

Yau ma na auna bakin gadar nan da igiya. Na auna jiya, na sake yau ko na yi kuskure, don ban cika yarda da kaina ba. Ban yi ba. Sabon jirgin ruwan da kika saya ya fi bakinta da faɗin tafin hannu. Tafin hannu kawai, Aukje! Kakanninmu da suka haƙa mashigin ruwan nan da shebur, don ƙananan jiragen da ke kai baƙar ƙasar fadama mai ci kamar gawayi murhunan birni, me zai rage su da sun ɗan ƙara? Ba su san za a haife ki ba.

Yanzu sai babban mashigi, inda gadoji ke ɗaga kansu, babu mai yi miki sannu.

A da, duk Juma'a nakan ɗaga miki gada, in zura takalmin katako a bakin igiya don kuɗin wucewa, ya dawo mini da baƙar alewa mai gishiri a kan kuɗin. Kin tuna zuwanki na farko bayan sanyin bana? Kika ɗago kai daga sitiyari kika ce, "Kai Wiebe, ƙanƙara ma ta narke, naka bakin sai yaushe?" Na ce miki ruwa ya ɗan ƙaru. Wallahi abin da na ce ke nan! Ke shamuwa ce mai ratsa ƙasashe, ni turken ɗaure jirgi ne. Wa ya koya wa turke magana?

To ga shi na yi: ina son ki. Jirginki ba zai shigo ba, amma ke za ki shigo. Hanyar da dawakai suka bi suna jan jirage tana nan a gaɓa, keke na bin ta har ƙofata. Ki zo, ko sau ɗaya. Ko kuwa duk mai gada haka kike ba shi alewa? Wannan ne na rasa igiyar auna shi.

Naki, muddin da ruwa a mashigin nan,
Wiebe

Gobe:
Fentin ƙarfen hagu.
Cire ciyawar gindin gada.
Tsayar da kowane jirgi in tambayi inda kike kwana yanzu. Ban san inda zan aika wannan ba.