Albasar Kwaɗin da Ka Shuka

Zuwa ga maigidana, Baban Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Kibiya lafiya lau, damina ta sauka, an gama shuka. Shekara biyu da rabi ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da na riƙe ban faɗa wa kowa ba. Maganar albasar kwaɗinka ce.

Ka san ban taɓa gane kan wannan aiki naka ba. Manomin albasa ta gaske, wadda ake ci, ya tashi takanas zuwa fadamar Fammar ya tsinto 'ya'yan albasar daji, wadda ko akuya ba ta kallo. Ka ce an sayar da fadamar, tarakta za ta shiga, ba za a sake ganin farin furen nan mai jan layi ba. Na ce to ka haƙo kanta mana ka dasa, kowa ya huta. Ka ce wadda aka haƙo ta saba da fadama, ta iri ce za ta saba da gida, ko da za ta ɗauki shekara huɗu kafin ta yi fure. Na ce Allah Ya ƙara maka haƙuri, ni dai ba ni da shi.

Tukwane goma sha ɗaya ka jera a gindin katanga, tsofaffin tukwanena da suka tsage. Shekarar farko ganye ɗaya tak kowacce ta fitar, siriri kamar ciyawa. Da rani ya shigo ganyen ya bushe, na yi maka jaje. Ka yi dariya ka ce, "Barci take yi. In ta kwanta a ƙyale ta, ko ɗigon ruwa kada a zuba."

Na ji ka da kunnena. Ina so ka san ba mantuwa na yi ba.

Da kaka ta biyu ka rasu, na shiga takaba. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Hadiza ta koma ɗakinta a Rano. Sai ni, sai tukwanenka cike da busasshiyar ƙasa. Na kasa kallon su haka. Kullum bayan sallar asuba sai in ɗauki buta in bi su ɗaya bayan ɗaya ina zuba musu ruwa. Duk hidimar da nake yi maka a gidan nan ta ƙare, ita kaɗai ta rage, shi ya sa na yi ta yi.

Ruwan farko ya sauka, na zuba ido. Mako uku shiru. Na zazzage tukunya ɗaya, sai wari ya tashi, kan ya ruɓe liɓis. Na zazzage sauran, duk haka. Na hau mota na je fadamar ko da saura, na tarar masara ce tun daga bakin hanya har rafi. Da aka tambaye ni na ce gara ce ta cinye. Ƙarya na yi, ni na kashe su.

Bana, da ƙanenka ya zo gyaran rumbu kafin damina, ya jawo wata tukunya cike da busasshiyar ƙasa daga lungun bayansa, ya ce ko a zubar? Ban san da ita ba. Ban kuma san dalilin da ya sa ka ware ta ba, ko da yake ina zargin ka san halin matarka. Rani uku ba wanda ya ba ta ruwa. Na ce ya mayar da ita inda ya ɗauko, ni kuma na riƙe hannuna. Wallahi ya fi ban ruwan wuya.

Ranar Talatar da ta wuce ta yi fure, guda huɗu a kan kara ɗaya. Kwana biyu suka yi suka yanƙwane. Ban kira kowa ba. Na jawo kujera na zauna a lungun, na yi kewarka ƙwarai.

Yanzu 'ya'yan sun fara kumbura. In sun nuna zan shuka, na riga na nemi tukwane. Ban san ko zan ga furensu ba, amma na rubuta wa Hadiza yadda ake yi.

Ka yafe mini goma sha ɗayan nan, Baban Hadiza. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Matarka,
Maman Hadiza