Baba Yana Ɗaurewa Ranar Asabar, Ni Ina Warwarewa Ranar Litinin

Kawu, don Allah ka taimake ni kafin Asabar. Idan ta same ni a haka, maƙwabcina zai sha zagin da bai ji ba bai gani ba, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata a cikin gidana.

Surukina, mahaifin matata, wanda muke kira Baba, tsohon bakanike ne, tun zamanin da ake gane ciwon mota da kunne. Tun da matarsa ta rasu, duk Asabar yake zuwa gidanmu da jakar kayan aikinsa. Ko gaisawa ba ma gama yi zai ce in buɗe masa bonet. Ko motar lafiyarta ƙalau sai ya sami abin da zai ɗaure. Ya wuni, ya ci abinci da mu, ya yi wa jikokinsa faɗan da suke jin daɗinsa, ya tafi. Ni dai ina son tsohon nan, Allah ya sani.

Wata rana 'yar fitilar nan mai hoton inji ta kama a dashbod. Motar ta fara shan mai kamar an huda tankin, tana fizga, tana baƙin hayaƙi. Na kai aka jona mata kwamfuta, aka ce sensa ce, wato 'yar na'urar da ke jikin salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa ƙwaƙwalwar motar yawan man da za ta saki. Na sayi sabuwa aka sa. Ban kai gida ba fitilar ta dawo tana kallona.

Da Baba ya ji, maganinsa na farko shi ne ya manna baƙin tef a kan fitilar, wai abin da ido bai gani ba ba ya hana tuƙi. Da hayaƙin ya ƙi jin maganar tef, sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ya bi wayar sensar da yatsa har ya gano inda ta jingina da salansa ta narke. Ashe sensar da na jefar ba ta da laifin komai. A nan na sara masa.

Gyaran ne ya zama abin da ya zama. Wayoyi huɗu ne a wurin, farare biyu, baƙa ɗaya, mai ruwan toka ɗaya. Baba ba ya sa tabarau, wai na masu karanta jarida ne. Ya feƙe wayoyin da haƙori, ya haɗa baƙa da mai ruwan toka a juye, ya murɗe, ya naɗe da leda da robar tayar keke. Sannan, don kada wayar ta riƙa lilo, ya ɗaure ta tamau a jikin salansar da ta ƙona ta tun farko. Ya fito yana kaɗe riga, ya ce in je in ba da labari.

Labarin da na bayar shi ne motar ta mutu mini a tsakiyar mahaɗar titi ranar Litinin, masu babura suna yi mini addu'o'in da ba zan iya rubutawa ba. Na lallaɓa wurin wani rewaya, mai gyaran wayoyin mota, kusa da wurin aikina. Ya sa mita ya gwada kowace waya, ya canza fiyus ɗin da ya ƙone, ya mayar da kowace waya wurin 'yar'uwarta mai launinta, ya liƙe da dalma, ya janye wayar nesa da zafi. Na ɗaga tef na ga fitila ta mutu, mota ta koma kamar amarya.

Na yi niyyar faɗa wa Baba, wallahi na yi. Amma da Asabar ta zo na ga yadda ya shigo yana tambayar yaya aikinsa, sai bakina ya ce lafiya lau. Ya shiga ƙarƙashi ya duba, ya daɗe shiru, ya fito ya ce wani ya taɓa masa aiki. Ya yanke dalmar, ya mayar da leda da roba. Litinin na koma wurin rewaya. To Kawu, haka muke ta yi. Wayar har ta gajarce, sai da aka yi mata ƙari. Rewayan yanzu da ya hango ni yake ɗauko dalma, har yana cewa in gaida masa abokin aikinsa.

Matata ta sani. Ta ce ba ruwanta, ubanta ne amma motata ce, kuma dariya take yi har da riƙe ciki.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Asabar ɗin da ta wuce Baba ya ce ya gano mai yi mana wannan ɓarna. Wai maƙwabcinmu ne, wani malamin makaranta da ko tayar keke bai iya canzawa ba, saboda ya taɓa ganinsa ya sunkuya kusa da motar. Ƙwallon ɗansa yake ɗaukowa. Baba ya ce wannan Asabar zai ƙwanƙwasa masa ƙofa su yi ta ta ƙare.

Idan na yi shiru, an ci zarafin bawan Allah. Idan na yi magana, na gaya wa dattijo cewa hannunsa ya daina aiki, kuma na san halinsa, zai ɗauki jakarsa ba zai ƙara tako gidan ba. Wannan shi nake tsoro fiye da mutuwar mota. Ina zan sa kaina?

Naka,
Surukin Bakanike

*

Surukin Bakanike,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma wayar nan ce na fi tausaya wa.

Mu fara da motar. Na tambayi wanda ke duba tawa, ya ce rewayanka yana kan daidai. Wayar sensa ba ta son murɗi da leda, ba ta son zafi, kuma idan aka juya ta ƙwaƙwalwar motar ƙarya take ji, sai ta yi ta ɗura mai. Idan aka daɗe a haka, tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa za ta lalace. Ka kuma cire tef ɗin nan daga dashbod yau.

Sai dai ka ba Baba haƙƙinsa. Kwamfuta ta ce sensa, shi ya ce waya, kuma shi ne ya yi gaskiya. Kansa yana nan daram, idonsa ne ya gaji. Kai kuma kunya ce ta sa ka yi shiru, na yarda, amma kunyar da za ta sa a zagi maƙwabci ta wuce gona da iri.

Yanzu ga abin da nake zato. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin mota ya san aikin rewaya idan ya gani. Ya kuma san babu maƙiyin da zai lallaɓo ya liƙe maka waya da dalma tsaf ya tafi. Shirun da ya daɗe yana yi a ƙarƙashin motar a ranar farko, a nan ya gane komai. Maganar malamin makaranta, ina jin turo ka yake yi ka buɗe baki. Yana warware aikin ne domin idan motar ta warke, bai san da wane dalili zai zo gidan 'yarsa ranar Asabar ba.

Don haka kada ka jira Asabar, kada kuma ka aiki matarka. Ka je gidansa da kanka, ka zauna, ka faɗa masa gaskiya, ka fara da cewa shi ya gano ciwon da kwamfuta ta kasa. Ka roƙe shi ya raka ka wurin rewayan ya tsaya a kansa a yi aikin sau ɗaya a gama. Birki da fulogi da juyen baƙin mai kuwa, ka bar masa abinsa.

Kafin ka tashi, ka ce masa yara suna jiransa ranar Laraba da yamma, kuma ya bar jakar a gida. Idan ya tambaye ka me ya lalace, ka ce babu komai, shi kuke son gani.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar ku tare, ya kuma ba wayar nan hutu.

Kawu