Kwana Ashirin Bayan Ritayar Baba

Zuwa ga Maɗaukakiya, Babbar Yaya, Ginshiƙin Zuriya, Mai Raba Gardama da Harara Ɗaya, wadda tun muna yara ba a taɓa ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda talaka ke miƙawa daga nesa yana durƙushe, ina fatan kina lafiya, da maigidan, da rundunar da Allah Ya ba ki. Yaya ciwon bayan nan? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Kin umarce ni da in rubuto rahoton bikin sallamar Baba, tun da nisa ya hana ki zuwa. Ga shi, cikin ladabi.

An yi shi a babban ɗakin taro na kwaleji. Mutum tara suka yi jawabi. An karanta tarihinsa tun daga ajin firamare mai yara saba'in da benci goma sha ɗaya, zuwa hedimasta, zuwa malamin kwaleji, zuwa shekara goma sha huɗu a kujerar shugaba. An ambaci ɗakin karatun da ya gina, da yajin aikin da ya kashe da shayi da haƙuri. Wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu ya fi Baba furfura, ya tuna yadda yake bin ɗalibai har makarantun da aka tura su gwajin koyarwa, ya takure a bencin baya cikin yara, ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Mutumin har da hawaye. Ni kuwa, Yaya, na laluba cikina ban sami komai ba. Fankokin silin na ƙirga. Takwas ne, biyar ke aiki.

Washegari na raka shi ofis kwashe kaya. Shekara arba'in da ɗaya, kwali uku. Kafin mu fito kafinta ya riga ya kwance allon sunansa daga ƙofa, yana tsaye da shi a hannu, ya rasa ko ya miƙa ko ya ɓoye. Baba ya yi masa sannu da aiki. Sabon shugaba, mutumin kirki, ya rako mu har mota yana cewa ƙofa a buɗe take kullum. Kin san irin wannan ƙofar.

Yau kwana ashirin da tarewarmu a gidan da ya gina bai taɓa kwana ciki ba. Kullum bakwai da kwata ya gama shiri, takalmi a goge, biro a aljihu. Sai ya zauna a falo, jaka a gefe, yana fuskantar taga. Ƙarfe huɗu ya cire takalmi. Tsakanin nan babu komai sai salla. Abinci loma uku. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, yanzu ta koma yi masa magana kamar baƙo. Likita ya auna ko'ina ya ce ƙalau yake, sai ramar da kowa ke gani. Na gwada masa duk manyan kalmomin da na mallaka, shi da yake cewa bakina ya riga hankalina girma. Ya saurare ni kamar rediyon maƙwabta.

Ni ma abin ya shafe ni. Ina zuwa aiki ina dawowa, sai na tambaya nake sanin ranar mako. Ba baƙin ciki ba ne, da shi ne da na gane shi. Tsoron Umma, wanda ba ta faɗa sai a kicin, shi ne kada ya bi sahun amininsa magatakarda, da bai cika wata shida da ajiye aiki ba muka kai shi makwancinsa.

Shekaranjiya na sayo ƙusoshi zan rataye labule. Mai shago ya ƙunsa mini su a takardar da aka yago daga littafin wani yaro, lissafin rabawa. Na zube su a tebur na tafi neman guduma. Da na dawo na tarar Baba ya miƙar da takardar da gefen hannu, ya zaro jan biro. Minti ashirin yana kanta. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya ce yaron ba shi da laifi, malamin ne bai koya masa yadda ake yi da saura ba, kuma yana so ya san wanda ya horar da wannan malami. Bai yi magana mai tsawon haka ba tun ranar taro. A ranar ya cinye abincinsa, har ya ce gishiri ya yi yawa. Umma ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Na koma shagon, mai shago ya ce sauran takardunsa duk jarida ce.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ga maƙasudin wannan doguwar takarda. Ina roƙon alfarmar ki tattaro tsofaffin littattafan makarantar yaranki, ki ba direban da zai kawo miki wannan. Kada ki turo na babbar, ƙoƙarinta ya yi yawa, ba za ta ba shi aikin rabin awa ba. Na ɗanki na biyu nake so, Sarkin Barci, dukkansu, har wanda ruwa ya jiƙa. Kuma don girman Allah, wannan zangon kada ki matsa masa ya gyaru.

Umma na gaishe ki. A miƙa gaisuwata ga maigidan da yara.

Ni ne ƙaninki mai biyayya,
Auta