Faifan da Yake Manna wa 'Yata a Kunne

Yayana,

Ina so ka zo gidanmu kafin Asabar, ka taho da mitarka ta gwajin wuta. Ka yi haƙuri da na fara da buƙata. Ina gaisuwa, ya jikin Inna, ya shago, ya yaran? Maƙwabciyata ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

'Yarka ce ba lafiya. Sati biyu ke nan kunnenta na hagu na zubar da mugunya, ɗoyin har a zanin goyo. Babanta ya hana asibiti, wai ya ga wani a waya yana kashe ƙwayar cuta da girgiza. Ya farke tsohon agogonmu mai ƙara, ya ciro wani ɗan faifan tagulla mai fari a tsakiya, wai sunansa fiyezo. Ya haɗa shi da batir da wasu ƙananan abubuwa masu ƙafafu a cikin robar sabulu. Shi yake manna mata a bayan kunne da salatif.

Yaya, in ka ga yadda yake gwada abin sai ka yi amai. Don ya ji ko yana girgiza, a harshensa yake ɗorawa. Ya ciro shi da yawu, ya manna wa yarinya, ya ɓamɓaro shi da mugunya, ya goge a wando, ya mayar baki. Salatif ɗin ya cinye mata fata. Teburin da muke cin abinci duk ɗigon dalma ne da auduga mai datti, ƙudaje na bi. Na daina iya cin komai a kai.

Ga laifina. Kullum in ya fita aiki, sai in sa abin yanke farce in datse siririyar wayar da ke jikin faifan, in mayar da ita kamar tana liƙe. Ya dawo ya tarar shiru. Ya canja batir sau huɗu, ya juya ƙafafun abubuwan nan, ya sake narka dalma, har faifan ya canja. Yana gyarawa ina datsewa. Na ɗauka zai gaji ya watsar.

Bai gaji ba. Jiya ya ce ya gano matsalar, wai ƙarfin batir ne bai isa ba. Ran Asabar zai sayo doguwar waya ya jona abin da soket ɗin bango. A kunnen 'yar wata tara, Yaya. Ni na kai shi ga wannan tunanin.

Ni in na yi magana sai ya ce me na sani, ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma kai mai gyaran rediyo ne, yana jin nauyinka. Ka sa mitar a gabansa, ka nuna masa abin da wutar bango za ta yi. Ka faɗa masa da irin maganarku ta masu gyara.

Ka gaida Inna, kar ka tayar mata da hankali. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta

Na manta. Yau da safe na saci jiki na kai yarinyar asibiti, na faɗa wa nas komai, ta wanke kunnen ta ba ni magani. Na faɗa wa mahaifiyar mijina ma, har maganar datse wayar. Ta ce in ba ka samu zuwa kafin nan ba, ran Asabar da sassafe za ta zo ta kafa kujerarta a gaban soket ɗin har ka iso.