Ƙorafi Kan Narkakken Tankin da Aka Rataye da Sunan Mijina

Daga: Gulbarcin Toktosun,
Layin Tsohon Masallaci, At-Bashi.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Sufeton Ƙwadago,
Yankin Narin.

Ranar 11 ga Maris, 2024.

Game da: Korar Duishonkul Mamirov daga Kamfanin Sufuri na Tash-Kanat, da tozarcin da ya biyo baya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce matar direban da aka ambata a sama. Shi ya kamata ya rubuto. Dalilin da ya hana shi yana cikin abin da zan zayyana.

1. Maigidana ya shekara talatin da ɗaya yana jan manyan motoci a hanyar Torugart, ko akuya bai taɓa takawa ba. A watan Oktoban bara kamfani ya karɓe tsohuwar motarsa ya ba shi sabuwa, mai wani tanki na ruwan yuriya da take fesawa cikin salansa don rage hayaƙi. Idan ruwan bai fita ba, motar da kanta take rage ƙarfin injin har ta koma tafiyar jaki. Duk wannan a asibiti muka ji shi. Horon da aka yi masa bai wuce miƙa makulli ba, sai wani littafi da harshen da babu mai karanta shi a At-Bashi.

2. Ranar 4 da ranar 15 ga Janairu ya sanar da manaja, Taalaibek Oruzov, cewa fitilar gargaɗi tana kamawa. Bakaniken kamfani ya ce na'urar da ke ɗumama ruwan ce ta mutu. Manaja ya ce tsofaffi da tsoron fitila suke, a ɗora kaya.

3. Ranar 19 ga Janairu da hantsi, a hawan dutse, sanyi ya haura talatin ƙasa da sifili. Ruwan ya daskare, mota ta ƙi ja. Mijina ya buga waya, manaja ya ce masa ai shi ne gwani, ya san yadda zai yi, kuma idan ya bar kaya a hanya kada ya sake tako ƙofar kamfani. Sai ya yi abin da ubansa ya koya masa, abin da kowane direban dutse yake yi idan mai ya daskare: ya hura wuta a kasko ya tura ƙarƙashin tanki. Tankunan da ya sani na ƙarfe ne. Wannan na roba ne, an rufe shi da murfin ƙarfe. Ya narke, wayoyi suka ƙone, injin ya mutu, ɗumin cikin mota ya tafi tare da shi.

Ban ɓoye ba, ranka ya daɗe, shi ya kunna wutar. Amma laifi tudu ne, manaja ya taka nasa ya hango na mijina.

4. Motoci biyu sun tsaya za su ɗauke shi, ya ƙi, saboda direba ba ya barin motarsa, kuma ga kashedin manaja. Ya cire safar hannu yana ƙoƙarin haɗa wayoyi. Kamfani bai turo kowa ba. Wani makiyayi ne ya sauko da shi a kan doki bayan la'asar. Ranar 2 ga Fabrairu likita ya yanke masa yatsu bakwai da sanyi ya kashe. Washegari kamfani ya aika motar janwe, ta ɗauko mota da kayanta lafiya lau.

5. Wannan sakin layi sau uku ina yage shi. Ranar 26 ga Fabrairu aka kira shi ofishin kamfani, muka ɗauka jaje za a yi masa. Na sa masa kwat ɗinsa na Idi da farar hularsa. Muna isa muka tarar an rataye narkakken tankin a ƙofar shiga, da allo a wuyansa an rubuta sunan mijina, a ƙasa kuma an ce aikin gwani ke nan. An tara direbobi a fili. Manaja ya yi jawabi cewa idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Wa ya kaɗa wa mijina sabon kiɗan ya ƙi rawa?

Sannan manajan ya zuba shayi mai zafi a ɗan kwanon shayi, wanda kowa ya san ba shi da mariƙi, ya miƙa masa da hannu biyu yana kiransa baba. Ya san dattijo ba ya mayar da shayin mai masauki. Mijina ya tallafe shi da dungulmin hannuwansa, ya kuɓuce, ya zube masa a cinya. Manaja ya tambayi jama'a ko a hura wa baba wuta a ƙarƙashin kwanon. Wasu suka yi dariya. A cikinsu akwai uku da mijina ya koya wa tuƙi, waɗanda suka ci gurasar hannuna. Wallahi na tsane su, kuma ba zan nemi gafarar ofishinka kan wannan kalma ba.

6. A nan aka rubuta a littafin aikinsa, wanda duk mai ɗaukar aiki yake dubawa, cewa an kore shi saboda ɓarna da gangan. Tun ranar bai fita ko masallaci ba, domin hanyar ta ƙofar kamfanin ta bi, kuma tankin yana nan.

Saboda haka ina roƙo, cikin ƙanƙan da kai, a binciki rahotannin 4 da 15 ga Janairu, a goge kalmar gangan daga littafinsa, a sauke tankin. Yatsu ba za su dawo ba, sunansa kawai nake nema.

Wani ma'aikacin ofishinka ya ce ba a karɓar ƙorafi sai da sa hannun mai shi. Na ɗaura masa alƙalami a hannu da zaren ulu. Karkataccen layin da ke ƙasa ya ci masa minti ashirin, kuma ya hana ni taimaka masa. Ina roƙon kada a dawo mana da takardar a ce bai yi kama da tsohon sa hannunsa na fayil ba.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba.

Taku mai biyayya,
Gulbarcin Toktosun

Mai ƙorafi: D. Mamirov