Ki Kai Su Bakin Ƙofa, Sannan Ki Dawo

Assalamu alaikum, Yaya Rukayya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, na rubuto ne don ki daina damuwa da shirun da Baba ya yi miki.

Ranar da kika ce a waya ba za ki zo Doha kallon Kofin Duniya ba, ya riga ya saya miki tikiti. Tun kafin korona rabonmu da ke. Ya ajiye wayar ya ce khalas, shi ke nan, tunda tsofaffin wani ƙauye a Japan sun fi mu, ki zauna. Umma ta shige kicin. Ni kuwa kin san ni, ko a aji sai malama ta matsa nake magana.

Amma na tuna labarin da kike ba ni lokacin kullen korona, ina falonmu na unguwar Al Mirqab, ke kina ɗakinki na jami'a. Kin ce tun zamanin iyayen abokan karatunki ɗalibai ke zuwa ƙauyen nan da shebur, su kwashe wa tsofaffi dusar ƙanƙara daga rufi kafin ta danne gida. Kin ce ba a tura baƙo haka kawai. Ɗalibin da zai gama karatu shi ke kai sabo bakin ƙofa, su rusuna tare, ya ce ga wanda zai gaje ni. In ba a yi haka ba, tsohuwa za ta yi murmushi ta ce ba ta bukata, sannan ta hau rufin da kanta.

Korona ta hana sababbi zuwa, manyanku suka gama suka watse. Ke kaɗai kika rage da aka taɓa kaiwa ƙofofin nan.

Wannan na faɗa wa Baba, Yaya, muna cin abinci. Na ce in kika taho kafin ƙanƙara ta sauka, ba wanda za a buɗe wa ƙofa bana, kuma akwai sa'ar Hajiya Kaka da za ta hau rufi. Na tuna masa cewa shi ma da ya iso Qatar, wani ɗan garinmu ne ya kai shi gaban mutane ya ce, “Wannan namu ne.” Ban sunkuyar da kai ba har na gama.

Washegari Baba ya ba Malam Isa mai gadin benenmu tikitin. Jiya kuma ya dawo daga kasuwar Asian Town da safar hannu masu kauri cike da leda. Ya ce in tambaye ki ɗalibai nawa za ki kai ƙauyen, kada safar ta gaza.

Don haka ki yi aikinki da kwanciyar hankali. Ki kai su gida-gida, sannan ki dawo mana, na yi kewarki ƙwarai.

Allah Ya tsare ƙafarki daga santsi, Ya ɗumama gidajen tsofaffin nan, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Hafsa