Baba da Katun ɗin Japan

Laraba, bayan Isha'i

Bayana kamar zai ɓalle saboda dashen shinkafa, amma sai na rubuta wannan.

Sati biyu ke nan Baba yana cewa zai karɓe wayata in ban daina kallon "zanen yara" ba. Ni kuwa duk katun ɗin Japan da aka tura mini a shagon caji, babu kamar na yarinyar da ta koma ƙauye noman shinkafa wurin kakanta. Ba faɗa, ba aljanu, sai taɓo da ruwan sama, amma in ka fara ba ka iya ajiyewa.

Yau a gonarmu ta Watari muna hutawa gindin mangwaro na kunna shi, ashe Baba yana tsaye a bayana. Gabana ya faɗi. Na miƙa masa wayar, na ce a raina shi ke nan, ta tafi.

Bai sa ta a aljihu ba. Ya ƙura ido inda suke jan igiya suna dashe a layi.

Ya ce, "Mayar da shi baya." Sau uku muka kalla. "Tsohon nan manomi ne. Yarinyar ce ke nutsa dashen da yawa."

Da la'asar ya aika aka kwanto igiyar shanyar Inna, muka dasa fangali guda a layi. Inna har yanzu faɗa take.

Ɗazu ya leƙo ɗakina, ya yi gyaran murya. "Sani, shinkafar tasu ta yi kuwa?"

Na ce ban kai wurin ba tukuna.

"To, kar ka kuskura ka kalla babu ni."